Juyin mulkin gidan giya: yadda Hitila ya sha ƙasa a titi a 1923, kotu ta ɗago shi

Yawancinmu in aka ambaci Hitila abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne yaƙin duniya na biyu, wanda dattawanmu ma suke kira yaƙin Hitila, sai kuma kisan kiyashin da ya yi wa Yahudawa. Amma kusan shekara goma kafin mutumin nan ya ɗare kan mulki ya taɓa gwada ƙwatarsa da bakin bindiga a birnin Munich, ran 8 da 9 ga Nuwamba 1923, kuma abin ko kwana ɗaya cur bai yi ba ya watse. An kashe masa mutane, shi kansa ya tsere da gocewar kafaɗa, bayan kwana biyu 'yan sanda suka je har gidan da ya ɓuya suka tiso ƙeyarsa. A ƙa'ida nan ya kamata a ce labarinsa ya ƙare, domin cin amanar ƙasa ya yi ƙiri da muzu, kuma shi a lokacin ba ma ɗan ƙasar Jamus ba ne, ɗan Ostiriya ne. To me ya sa bai ƙare ba? Ni dai duk sanda na koma kan wannan tarihi raina ɓaci yake yi, don abin da nake gani shi ne 'yan sanda sun yi nasu aikin har wasu suka rasa ransu, manya ne suka zo daga baya suka warware komai.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka sai mun ɗan koma baya. Jamus ta fito daga yaƙin duniya na farko a Nuwamba 1918 a karye, sarkinsu Wilhelm na biyu ya sauka ya gudu Holan, aka kafa jamhuriya wadda ake ce wa jamhuriyar Weimar saboda a garin Weimar aka zauna aka rubuta tsarin mulkinta. 'Yan siyasa farar hula irin su Friedrich Ebert, wanda ya zama shugaban ƙasa na farko, su aka jibga wa kayan da ba su suka ɗaure ba. Su suka sa hannu a tsagaita wuta, su kuma suka sa hannu a yarjejeniyar Versailles a Yuni 1919, wadda ta yanke wa Jamus yankuna, ta ƙwace duk ƙasashen da take wa mulkin mallaka har da Kamaru da Togo da Ingila da Faransa suka raba a tsakaninsu, ta ce sojojinta kada su wuce 100,000, daga baya a 1921 aka yanka mata diyyar yaƙi ta mak, wato kuɗin Jamus, biliyan 132 na zinari.

Abin haushin shi ne janar-janar ɗin sun san sarai an ci su da yaƙi a fagen fama. Janar Erich Ludendorff, wanda shi ne kusan wuƙa da nama a rundunar Jamus a shekarun ƙarshe na yaƙin, da bakinsa ya matsa a nemi tsagaita wuta tun ƙarshen Satumba 1918. Amma da ƙura ta lafa sai shi da ire-irensa suka shiga yaɗa cewa ai ba a ci sojan Jamus ba, daga gida aka soke shi da wuƙa ta baya, wai 'yan gurguzu da Yahudawa da 'yan siyasa ne suka ci amanarsa. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ƙarya ce mai daɗin ji ga mutumin da ya yi shekara huɗu cikin rami ya dawo gida ba aiki ba mutunci. Daga nan masu ra'ayin riƙau suka laƙaba wa shugabannin jamhuriyar suna masu laifin Nuwamba. Ku riƙe sunan Ludendorff ɗin nan, zai dawo.

Kuma Hitila ba shi ya fara ba. A Maris 1920 wani Wolfgang Kapp da Janar Walther von Lüttwitz sun shigo Berlin da dakarun sa-kai na tsofaffin sojoji, gwamnati ta tsere Dresden daga nan ta wuce Stuttgart, da aka nemi soja su kare ta sai manyan hafsoshi suka noƙe, Janar Hans von Seeckt ya nuna soja ba zai harbi ɗan uwansa soja ba. Ma'aikata ne suka ceci jamhuriyar, suka tsunduma yajin aiki na gama-gari, ba wuta ba ruwa ba jirgin ƙasa, cikin kwana huɗu zuwa biyar Kapp ya tattara ya gudu Suwidin. To amma a cikin duk waɗanda suka kitsa wannan abu mutum ɗaya tak aka ɗaure. Duk mai irin wannan buri a Jamus ya ga haka kuma ya ɗauki darasi.

Jihar Bavaria, wadda masu kallon ƙwallo suka fi sani da Bayern, ita ce matattarar irin waɗannan mutane. A 1919 'yan gurguzu sun ɗan kafa gwamnatinsu a Munich na 'yan makonni, aka murƙushe su da jini a watan Mayu, tun daga nan masu faɗa a ji a jihar suka zama duk wanda ya ce shi maƙiyin gurguzu ne to nasu ne komai ɓarnarsa. Rikicin Kapp da ya faɗi a Berlin, a Bavaria ya ci nasara ta wata fuskar, don shi ya kawo Gustav von Kahr kan mulkin jihar, mutumin da zuciyarsa na wajen tsohuwar sarauta. Ƙungiyoyin 'yan bindiga suka samu mafaka, har da ƙungiyar asirin da ta kashe tsohon ministan kuɗi Matthias Erzberger a 1921 da ministan harkokin waje Walther Rathenau a 1922. A cikin wannan yanayi ne Hitila, tsohon kofur wanda ba kowa ba ne, ya shiga wata 'yar ƙaramar jam'iyya a 1919, ya gano Allah ya ba shi baki, zuwa 1921 ya mallake ta. A gidajen giya yake taronsa, kuma kar ku ɗauka irin 'yar mashayar lungu ce, a Munich waɗannan manyan zauruka ne masu cin mutum dubbai, nan ake gangamin siyasa.

Sai 1923 ta zo da abin da ta zo da shi. A Janairu Faransa da Beljiyam suka tura sojoji suka mamaye yankin Ruhr, cibiyar kwal da ƙarfe ta Jamus, a kan cewa Jamus ta gaza biyan diyya. Gwamnati ta ce wa ma'aikatan yankin su ƙi yin aiki ita za ta biya su, kuma ba ta da kuɗin, sai ta dinga buga takardun kuɗi ba ji ba gani. Kafin yaƙi dala ɗaya mak 4.2 ce, a Nuwamba 1923 dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2, ba kuskuren rubutu na yi ba, tiriliyan. Burodi guda ya kai biliyan 200. Mutum ya karɓi albashi da safe sai ya ruga kasuwa a guje don kafin yamma ba zai sayi komai ba, wanda ya yi shekara talatin yana tara kuɗin tsufa a banki ya wayi gari abin da ya tara ko tikitin mota ba zai saya ba. Wallahi in ka sa kanka a matsayin irin wannan mutum za ka gane dalilin da ya sa duk wanda ya zo da kakkausar murya ya nuna masa wanda zai tsana sai ya bi shi. Jam'iyyar Hitila, wato Nazi, ta kumbura ta kai mambobi wajen 55,000 a wannan kaka.

Ran 26 ga Satumba sabon shugaban gwamnati Gustav Stresemann ya janye bijirewar Ruhr don ƙasa ba za ta iya ɗauka ba, masu kishin ƙasa na riƙau suka ce an sake sayar da su. A ranar Bavaria ta kafa dokar ta-ɓaci ta damƙa wa Kahr iko kusan na kama-karya. Mutum uku suka zama masu jihar, Kahr, da Janar Otto von Lossow kwamandan soja a Bavaria, da Kanal Hans von Seisser shugaban 'yan sandan jiha. Nan ne wurin da mutane da yawa ba sa lura: su ma waɗannan ukun juyin mulki suke shiryawa. Burinsu a kawar da gwamnatin majalisa a Berlin a kafa ta 'yan mazan jiya mai ƙarfi. Har ta kai Berlin ta umarci Lossow ya rufe jaridar Nazi ya ƙi, aka tsige shi, Bavaria ta ce yana nan daram. Wato tsakaninsu da Hitila ba cinya ba ce ƙafar baya, saɓaninsu kawai wa zai ja ragama kuma yaushe. Su suna kallonsa a matsayin maroƙin da zai tara musu jama'a, shi kuma yana kallon abin da Mussolini ya yi a Italiya a Oktoba 1922, da ya yi gangami zuwa Rum aka miƙa masa mulki, yana ganin shi ma lokacinsa ya yi.

A farkon Nuwamba ukun nan suka fahimci Seeckt, wanda a lokacin shi ne shugaban soja a Berlin, ba zai ba su goyon baya ba, sai suka fara ja da baya, ran 6 ga wata Kahr ya gargaɗi shugabannin ƙungiyoyin 'yan bindiga kada kowa ya yi gaban kansa. Hitila kuwa ya riga ya yi wa yaransa alƙawarin aiki, ya cika su da zuga na watanni, in bai motsa ba za su watse su bar shi. Sai ya yanke shawarar zai tilasta wa manyan su yi abin da dama suke so amma suke tsoro.

Daren 8 ga Nuwamba Kahr yana jawabi a wani katafaren gidan giya mai suna Bürgerbräukeller, mutum wajen 3,000 a ciki, kusan duk manyan Munich suna wurin. Wajen ƙarfe takwas da rabi dakarun Hitila na SA kimanin 600 suka zagaye ginin, aka girke mashinga a ƙofa, shi kuma ya kutsa cikin jama'a ya hau kan kujera ya harba fistol sama, ya ce juyin juya halin ƙasa ya ɓarke, ba mai fita. Har da ƙarya ya haɗa, wai an riga an kama barikokin soja da na 'yan sanda. Ya tasa Kahr da Lossow da Seisser zuwa wani ɗaki a gefe, ya bar kwamandan SA Hermann Göring yana lallashin taro. A ɗakin ya shiga rabon muƙamai, shi zai ja gwamnatin ƙasa, Ludendorff ya riƙe soja, Lossow ministan tsaro, Seisser ministan 'yan sanda, Kahr ya riƙe Bavaria, ya nuna musu bindigar ya ce harsashi huɗu ne a ciki, uku nasu in suka juya masa baya, na ƙarshen nasa. Suka ƙi ba shi amsa. Sai ya fito wajen jama'a ya yi jawabi kamar dai mutanen sun kusa amincewa, kuma wannan jawabin ya juya zauren gaba ɗaya, waɗanda ɗazu suke gunaguni suka koma tafi da sowa. Ana cikin haka aka ɗauko Ludendorff daga gida, shi ma ya sa baki, ukun suka sauko, aka dawo kan dandamali aka yi musabaha a gaban kowa, Kahr yana cewa shi a matsayin wakilin sarauta ya karɓa.

Daga nan ne wautar ta fara. Labari ya zo cewa an samu tirjiya a wani barikin soja, Hitila ya fita da kansa don ya gani, ya bar mutanen uku a hannun Ludendorff. Suka ce a bar su su tafi ofisoshinsu su fara ba da umarni, suka ba shi kalmarsu ta hafsoshi, shi kuma ya sake su wajen goma da rabi na dare. Suna fita suka juya. Kafin ƙarfe uku na asuba saƙo ya tafi duk barikoki cewa amincewar da suka yi da bindiga aka karɓe ta, ba ta da amfani, aka kira ƙarin sojoji daga garuruwan kewaye. Su kuwa masu juyin mulkin ba wani tsari na kirki, Ernst Röhm, wani hafsan soja da ke tare da Hitila, ya kama hedikwatar soja ta birnin, amma ofishin tarho da tangaraho ba su riƙe ba, wato hanyar da abokan gaba za su yi magana da juna a buɗe take. Abin da suka iya yi a daren shi ne abin da suka saba, suka farfasa ofishin jaridar SPD, jam'iyyar ma'aikata ta su Ebert, suka bi gidajen Yahudawa suna kamo mutane suna garkuwa da su, Rudolf Hess, wani na hannun daman Hitila, ya tsare firaministan jihar da wasu ministoci, da safe aka kamo magajin gari da kansiloli, aka je maɗaba'a aka kwaso damin takardun kuɗi aka raba wa yara. Wannan ɓangaren ya kamata a riƙa faɗinsa, don tun a wannan dare duk wanda yake da ido ya ga irin mulkin da mutanen nan za su yi.

Gari ya waye kowa ya san abu ya lalace. Ludendorff ne ya kawo shawarar a fita a yi maci zuwa tsakiyar gari, yana da yaƙinin ba sojan Jamus ko ɗan sandan da zai iya ɗaga bindiga ya auna shi. Wajen tsakar rana mutum kimanin 2,000 suka fito, suka ture 'yan sandan da ke gadar kogin Isar, suka ratsa dandalin Marienplatz inda jama'a suka yi ta yi musu kirari, suka shiga wani siririn titi da ke fita dandalin Odeonsplatz, kusa da wani ginin tunawa da janar-janar da ake kira Feldherrnhalle. Nan suka tarar da 'yan sandan jiha sama da ɗari sun tare hanya. Aka yi harbi, kuma ko minti ɗaya ba a yi ba aka gama. Mutum 14 suka faɗi a ɓangaren masu macin, wasu biyu aka kashe a hedikwatar da Röhm ya riƙe, jimla 16, kuma ɗaya daga cikinsu ma ba ɗan jam'iyya ba ne, ma'aikacin gidan abinci ne da tsautsayi ya fito da shi. 'Yan sanda huɗu suka mutu.

Hitila yana tafe ne ya saƙala hannu da wani jigon jam'iyyarsa Max von Scheubner-Richter, harsashi ya samu wannan ya mutu nan take, faɗuwarsa ta fizgo Hitila ƙasa kafaɗarsa ta goce, mai gadinsa ya faɗa kansa ya sha harsasai da dama. Tazarar da ke tsakanin harsashin da Hitila ba ta fi kamu ɗaya ko biyu ba. Aka jefa shi mota aka gudu da shi Uffing, gidan abokinsa Hanfstaengl, can aka kama shi ran 11 ga wata. Göring ya samu mummunan rauni a cinya aka tsallaka da shi Ostiriya, a jinyar nan ya kamu da jarabar allurar mofin. Ludendorff kuwa ya miƙe ya ci gaba da tafiya har cikin 'yan sanda, aka kama shi, aka sake shi a kan kalmarsa. Aka haramta jam'iyyar, aka rufe jaridarta, bayan mako guda gwamnati ta fito da sabon kuɗi farashi ya fara daidaita. Jaridun duniya da yawa suka ɗauka shi ke nan an gama da wannan ɗan hayaniyar.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Bisa dokar kare jamhuriya da aka yi a 1922 bayan kisan Rathenau, irin wannan shari'a a Leipzig ya kamata a yi ta, gaban kotun ƙasa ta musamman. Gwamnatin Bavaria ta kafe sai dai a yi a Munich, Berlin kuma ta ƙyale. Dalilin a fili yake, in aka tafi Leipzig za a tono har jijiya, a gano Kahr da Lossow da Seisser su ma da hannunsu dumu-dumu a shirin kifar da gwamnati. Sai aka mai da su shaidu maimakon waɗanda ake tuhuma, aka damƙa shari'ar ga alƙali Georg Neithardt, mutumin da kowa ya san inda zuciyarsa take. An bai wa kura ajiyar nama kenan.

An fara ran 26 ga Fabrairu 1924, mutum goma a gaban kotu. Alƙalin ya saki wa Hitila linzami, ya yi ta zuba jawabi na awanni, yana yi wa shaidu tambayoyi yana katse su yana ci musu fuska, har sai da Lossow ya fusata ya fice daga zauren. Sauran waɗanda ake tuhuma, har da Ludendorff, suna ta kame-kame, shi kuwa Hitila ya gane damar da ta faɗo masa, ya ce eh shi ya yi, shi kaɗai ke ɗauke da alhakin, amma ba a cin amanar waɗanda suka ci amanar ƙasa a 1918, kuma ko kotun nan ta same shi da laifi tarihi zai wanke shi. 'Yan jarida na gida da na waje sun cika wurin, kullum maganarsa na shafin farko. Mutumin da kafin nan a Bavaria kawai aka san shi sai ga shi duk Jamus na karanta kalamansa, kyauta, daga cikin kotun gwamnatin da ya so rushewa.

Ran 1 ga Afrilu aka yanke hukunci. Ludendorff aka wanke shi tas. Hitila aka ba shi shekara biyar, mafi ƙarancin abin da doka ta tanada, da tarar mak 200 na zinari, kuma ba ɗaurin gidan yari na gama-gari ba, wani nau'in tsarewa ne na girmamawa da ake yi wa wanda aka ɗauka da kyakkyawar niyya ya yi laifi, tare da cewa bayan wata shida ana iya sakinsa. Mutumin nan fa yana da tsohon laifi a kansa, an ɗaure shi wata uku a 1922 saboda tarwatsa taron wani abokin hamayya, ya yi wata ɗaya aka jingine sauran bisa sharaɗin ya kiyaye, kuma Neithardt ɗin nan ya san da haka don ta gabansa maganar ta bi, amma aka yi kamar babu. Garkuwa da mutane, kwasar kuɗi, ran 'yan sanda huɗu, duk ba a ba su wani nauyi ba. Sannan dokar ta ce ƙarara baƙon da aka samu da cin amanar ƙasa a kore shi daga Jamus. Kotu ta ce a'a, wai mutumin da yake tunani da ji irin na Bajamushe haka, ya kuma yi wa Jamus yaƙi shekara huɗu da rabi, wannan doka ba ta hau kansa ba.

In kana so ka ga girman abin sai ka auna da ɗaya ɓangaren. A wannan birnin dai, a 1919, Eugen Leviné da ya jagoranci gwamnatin 'yan gurguzu an tuhume shi da laifi iri ɗaya, cin amanar ƙasa, aka yanke masa kisa aka harbe shi cikin 'yan kwanaki. Wani masanin lissafi Emil Gumbel ya zauna ya ƙirga kashe-kashen siyasa daga 1919 zuwa 1922, ya samu 354 na 'yan riƙau ne, 22 na 'yan gurguzu da makamantansu, amma a cikin 22 ɗin nan an zartar da hukuncin kisa goma, a cikin 354 ɗin kuwa ba ko ɗaya, mafi yawansu ma ba a hukunta kowa ba. Ba wai ina wanke 'yan gurguzu ba ne, su ma sun ɗauki makami a kan jamhuriyar, a Hamburg ma sun yi tawaye a Oktoba 1923 ɗin nan. Abin da nake cewa shi ne alƙalan da jamhuriyar ta gada daga zamanin sarki ba su taɓa yarda da ita a zuciyarsu ba, tana biyansu albashi suna kallon masu son kashe ta a matsayin 'yan kishin ƙasa da suka ɗan yi gaggawa.

A gidan kaso na Landsberg Hitila zaman ɗan gata ya yi. Ɗaki mai faɗi da taga, kayan jikinsa na gida, baƙi ɗaruruwa suna zuwa gaisuwa, ranar haihuwarsa aka cika wurin da furanni da kyaututtuka, har ƙiba ya yi. A nan ya samu natsuwar rubuta kashin farko na littafinsa Mein Kampf, Hess na gefensa, wanda ya fito a 1925. 'Yan sandan Munich sun rubuta sun yi gargaɗi cewa in aka sake shi zai koma ruwa, sun so a mai da shi Ostiriya, Ostiriya kuma ta ce ba ta karɓarsa. Ran 20 ga Disamba 1924 ya fito, wata tara ma bai cika ba bayan hukuncin. Ran 27 ga Fabrairu 1925 ya sake kafa jam'iyyar, kuma a wannan gidan giyar dai da ya harba bindiga ya yi taron.

Darasin da ya ɗauka shi ne ba a karawa da soja da 'yan sanda gaba da gaba, ta ƙofar zaɓe za a shiga gidan sannan a rushe shi daga ciki. Kuma bai ɓoye ba, a 1930 a wata kotu a Leipzig ya rantse ta hanyar doka zai hau mulki, ya kuma ce in ya hau kawuna za su faɗi. Gaskiya ba zan ce hukuncin Neithardt shi kaɗai ya kawo Hitila ba, don a zaɓen 1928 jam'iyyarsa kashi 2.6 kacal ta samu, kujera 12. Karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 da miliyoyin marasa aiki ita ta cilla ta zuwa kashi 18 a 1930 da kashi 37 a Yuli 1932, sannan wasu 'yan mazan jiya irin su tsohon shugaban gwamnati Franz von Papen suka maimaita kuskuren Kahr sak, suka ɗauka za su hau shi su yi sukuwa, suka lallaɓa shugaba Hindenburg ya naɗa Hitila shugaban gwamnati ran 30 ga Janairu 1933. Amma duk wannan sai da mutumin yana nan a cikin ƙasar, da sunansa, da 'yancinsa. Takardar zama ɗan Jamus ma sai a Fabrairu 1932 ya same ta. Da an bi abin da ke rubuce a doka a 1924, ko dai yana kurkuku har wajen ƙarshen 1928 ko yana can bayan iyaka.

Da suka hau mulki sai suka mai da ranar kunyarsu ranar ibada. Mutum 16 ɗin nan suka zama shahidan jam'iyya, aka gina musu hubbare a Munich, tutar da aka ce ta jiƙe da jininsu da ita ake shafa sababbin tutoci, duk shekara ana maimaita macin, duk wanda zai wuce ta Feldherrnhalle dole ya ɗaga hannu ya yi gaisuwar Nazi, har waɗanda ba sa so suka koma bin wani ɗan lungu ta baya. A wajen bikin ranar ne a 1938 aka hura wutar daren da aka ƙone wuraren ibadar Yahudawa da shagunansu a duk faɗin ƙasar, a wajen bikin 1939 kuma wani kafinta Georg Elser ya dasa bam a cikin ginshiƙin gidan giyar, Hitila ya bar wurin minti 13 kafin ya tashi.

Kahr, wanda ya ba su inuwa suka yi girma sannan ya juya musu baya a dare ɗaya, ba su manta ba, ran 30 ga Yuni 1934 aka ɗauke shi yana tsoho ɗan shekara 71 aka kai shi Dachau aka kashe, Röhm ma a wannan sharar aka gama da shi. Alƙali Neithardt kuwa a 1933 aka ɗaga shi zuwa shugaban babbar kotun Munich. Su kuma 'yan sandan nan huɗu, Friedrich Fink da Nikolaus Hollweg da Max Schoberth da Rudolf Schraut, waɗanda suka tsaya a bakin titin suka mutu a kan aikinsu, sai a 1994 aka kafa allo mai ɗauke da sunayensu a wurin da suka faɗi.